Saƙon da Na Gani a Wayar Dakta Zira

Tun da na fara ba ku labarin nan wasunku ke cewa na cika zargi. Wata ma ta rubuto min wai ko mala'ika aka ba ni sai na laluba aljihunsa. To, na ji. Amma ku sa kanku a matsayina. Namiji ya shekara yana sintiri a gidanku, yana da kofinsa na shan ruwa, karen maƙwabta ya daina yi masa haushi, amma duk ranar da aka ce ya turo magabatansa sai ya ce a ƙara masa mako biyu. Ai ruwa ba ya tsami banza.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, sunana Winifred, a gida Wini. A Nassarawo muke, nan cikin Mubi, ɗinki nake yi a shagon ƙawata Mercy. Shi kuma Dakta Zira likitan ido ne, ɗan Michika. Allurar keke ce ta haɗa mu. Bara, ba mu daɗe da dawowa daga gudun hijira ba, allura ta karye ina tsakiyar ɗinki, ɗan guntunta ya yi tsalle ya shige min ido. Shi ya cire shi. Bayan kwana uku ya zo shago wai duba lafiyar idon, bayan mako ya sake zuwa, har Mercy ta ce ita ba ta taɓa ganin idon da ya sha gaisuwa kamar nawa ba.

Babana, Baba Ezekiya, direba ne. Duk wanda ya san tashar motocin zuwa garin Uba ya san farar bas ɗinsa. Ranar da Mubi ta tashi a shekarar 2014, shi ya cusa mutum ashirin da shida a motar da ke ɗaukar sha takwas, ya bi da mu ta hanyar daji har muka tsira. Har yau akwai tsofaffin da in sun hango shi sai sun tsaya sun ɗaga masa hannu biyu. Na faɗa muku wannan ne don ku san irin mutumin da ya yanke hukunci a kaina. Ya ce ƙarshen watan nan, ko dangin Zira su zo, ko Zira ya daina zuwa. Saura kwana tara.

Ranar Laraba da safe ina tsugune ina wanke kwanuka, Mama tana dama kunun gyaɗa, ta jefo tambayar da ta saba ba tare da ta dube ni ba.

"Jiya me ya ce?"

"Ya ce yana gaishe ki."

"Gaisuwa zan dafa? Na ce me ya ce a kan mutanensa."

"Ya ce aiki ya yi masa yawa, Mama. Shi kaɗai ne likitan ido da ya dawo garin nan."

"Shi ne zai zo da kansa? Kawunsa ma tiyata yake yi?" Ta buga ludayi a bakin tukunya. "Wini, ki buɗe kunnenki. Wannan abu ya zama an gama shi kafin wata ya mutu. Ki matsa masa. In kuka ne ki yi masa kuka."

Abin ya ba ni mamaki, don Mama Margret ba haka take ba. Ita ce mai cewa miji ba bas ba ne da za a ce in ta wuce babu wata. Amma wata uku ke nan ta tasa ni a gaba kamar an ce mata zan lalace a ajiye. Na ɗauka surutun matan coci ne ya ishe ta.

Ina isa shago na tura masa tes.

"Mama ta sake tambaya. Me zan ce mata?"

Sai da na gama haɗa hannun riga guda amsa ta shigo.

"Ki ce ta yi haƙuri. Gobe ƙarfe goma ki zo asibiti, ina so in duba idonki. Kada ki sa kwalli."

"Idona ƙalau yake."

"Na sani. Ki zo dai. In yayanki ya zo daga Yola shi ma ki ce ya biyo ta wurina."

Na miƙa wa Mercy wayar. Ta karanta da allura a baki, ta cire allurar, ta gyaɗa kai irin na wadda ta daɗe tana jiran wannan rana.

"Ban gaya miki ba? Bincike ne wannan. Ba shi ne kwanaki ya tambaye ki kakanki da ya makance tun yana shekara nawa ba?"

"Ya tambaya."

"To. Danginsa sun ji labarin makanta a gidanku, sun ce ya auna ki tukuna. Wasu tsohuwa suke turawa unguwa ta yi tambaya, shi kam yana da inji." Ta mayar da allurar baki, ta sake cirewa. "Ko kuma akwai wata. Ke kika ce min yana kife waya in kuna zaune."

Gaskiya ne, ni na faɗa mata. Kwanan nan in saƙo ya shigo masa muna hira sai ya kife wayar a cinya. In kira ne ya tashi ya fita har gindin mangwaron ƙofar gida, ya dawo fuskarsa kamar wanda ya sha maɗaci. In na tambaya ya ce, "Mara lafiya ne." Wane irin mara lafiya ne ke hana mutum cin tuwon da ya riga ya sa wa hannu? Biri dai ya yi kama da mutum. Ranar nan sau biyu ina warware ɗinki ɗaya.

Ranar Alhamis na yi shiri kamar mai zuwa biki. Na sa riga da siket na shuɗiyar atamfa mai ɗigon ruwan ƙwai, wadda na ɗinka wa kaina da bikin Ista, na kafa ɗaurin ɗankwali mai tsayi, na sa takalmin da ke cin diddigena. Kwalli kuwa na ranƙaɗa shi har gefen ido. In za a auna ni kamar buhun masara, gara a same ni da kyau.

Sojoji sun sauke mu daga keke napep a shinge biyu, muka taka da ƙafa, don haka sai goma da rabi na isa. Asibitin ƙarami ne, ɓangaren ido ɗaki biyu da baranda. Barandar cike take maƙil. Tsofaffi daga Gude da ƙauyukan bayan dutse, wasu da sanda, wasu an rufe musu ido ɗaya da auduga. Zira ya taɓa gaya min lokacin da ya dawo bai tarar da komai a ɗakin nan ba sai kujera da allon haruffa, shi ma an yage rabinsa. Da tocila ya fara aiki, sauran kayan ɗaya bayan ɗaya ya samo su.

Na zauna kusa da ƙofa ina kallonsa. Ba zan yi muku ƙarya ba, in yana aiki haushinsa ba ya zama a zuciyata. Wata tsohuwa za a cire wa yana a ido washegari, ya durƙusa gabanta.

"Kaka, wane ido za mu yi wa aiki?"

Ta nuna na hagu.

"Ki ɗora hannu a kansa."

Ta ɗora. Ya duba kati, ya sake tambayarta da Fulatanci, sannan ya sa biro ya yi mata alama a saman gira. Tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, kai ne likita ko ni?" Baranda ta ɗauki dariya. Ya ce, "Ni ne, Kaka, amma idon naki ne." Wani dattijo kuma ya zo da kwalbar maganin da ya saya a kasuwa yana ɗigawa, Zira ya karɓe ta, ya yi masa faɗa a hankali, ya jefa a kwandon shara a gabansa.

Da layi ya zo kaina ya dubi kwallin, ya dube ni. Ya miƙo min auduga.

"Goge."

"Ina kwana ma babu?"

"Ina kwana, Wini. Kin yi kyau. Goge."

Ya sa na karanta haruffa har layin ƙasa. Ya ɗiga min wani magani, ya taɓa ƙwayar idon da wani ɗan ƙarfe, ya rubuta lamba. Ya ce ƙarfin ruwan cikin ido yake aunawa. Sannan ya ɗauko wata kwalba.

"Wannan zai buɗe ƙwayar idon in leƙa ciki. Nan da minti goma sha biyar rubutu zai fara yi miki hazo, rana kuma za ta dame ki har yamma. Ki zauna nan, zan je ɗakin tiyata in dawo."

"Me kake nema a cikin idona, Dakta?"

"Abin da nake fatan ba zan samu ba."

Ya fita. Nas Rut ta bi shi da faranti. Ɗaki ya rage daga ni sai fanka da ba ta juyawa, sai wayarsa a kan tebur tana caji.

Na san abin da za ku ce. Ni ma na gaya wa kaina. Na ce Wini, ke 'yar mawaƙan coci ce, ba ki da tarbiyyar taɓa wayar mutane. Na harɗe hannuwana. Sai wayar ta yi ƙara, fuskarta ta kawo haske, na tuna cewa nan da 'yan mintuna ko an buɗe min ba zan iya karantawa ba. Na ɗauka. Lambar sirrinsa shekarar haihuwarsa ce, mutumin da ke tambayar tsohuwa sau biyu bai iya kulle waya ba.

Na yi zaton zan ga sunan mace. Babu suna ma, lamba ce zalla. Sai dai lambar ba baƙuwa ba ce a wurina, ni nake loda mata kati duk mako. Lambar Baba ce.

Na ja sama, na fara daga na shekaranjiya.

"Dakta ina jiran takardan. Mutanen ofis sun ce Litinin ne ƙarshe."

Amsar Zira: "Baba, ku yi haƙuri. Ba zan iya rubuta abin da ban gani ba. Kuna ɗiga maganin kuwa?"

"Bar zancen magani. Shekara talatin ina tuƙi ban taɓa kashe ko kaza ba."

"Na sani, Baba. Amma gefen idon ya tafi, kuma ba ya dawowa. Wanda ya rage muke so mu tsare. Ina roƙonku ku ajiye tuƙi."

"Ka sa hannu ka turo iyayenka, ni zan tarbe su da kaina. In ba ka sa ba ka nemi wata."

Haruffan sun fara kumbura suna shiga juna. Na nisanta wayar daga fuskata, na ƙanƙance ido, da ƙyar na karanta wanda ya shigo yanzu.

"Zan ba ka 'yata ka hana ni takarda ɗaya?"

Daga nan komai ya zama hazo. Na san zancen takardar. Wata ƙungiyar agaji ce ke son ɗaukar Baba da motarsa ya riƙa kai ma'aikatansu ƙauyuka, sun ce sai ya kawo shaidar likitan ido. Baba ya ce mana ƙaramin abu ne, an kusa gamawa. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Wata uku ina zargin nas, ina zargin 'yan matan cocinsu, ina zargin danginsa da ban taɓa gani ba, ashe kishiyar tawa a gidanmu take kwana, da hularta da gemunta.

Bai same ni ina ɓoyewa ba. Da ya shigo wayar tana hannuna. Ban iya ganin fuskarsa sosai, amma na ga ya tsaya cak, sannan ya tura ƙofa ya rufe.

"Me ke damun idon Baba?"

"Wini, ajiye wayar."

"Na ce me ke damunsa?"

"Ba zan yi miki maganar wanda ya zauna a kujerar nan ba. Ko wane ne."

"Ubana ne."

"Shi ya sa za ki tambaye shi. Wanda ya zauna nan amana ya ba ni. In na buɗe miki tasa yau, gobe zan buɗe wa wani taki."

"Amma ka iya barina wata uku ina kuka a filo? Ka iya barin Mama tana yanka ni da baki kullum?"

Ya jawo kujera ya zauna dab da ni, gwiwarsa ta kusa taɓa tawa, ya kunna wata fitila mai zafi ya leƙa idona na dama, ya leƙa na hagu. Ya daɗe. Da ya kashe fitilar na ji ya sauke numfashi.

"Naki lafiya lau. Amma duk shekara za ki riƙa zuwa. Akwai ciwon da ake kira hawan jinin ido, yana bin dangi. Ba ya zafi, ba ya ja. Daga gefe yake fara ci, mutum yana ganin gabansa tar, yana karanta waya, bai san duniya tana matse masa ba."

"Ba lacca na zo ji ba."

"To rufe idon hagu da tafin hannu. Kalli hancina, kada ki juya." Ya miƙa hannunsa can gefe ya fara motsa yatsu yana kawowa a hankali. "In kin ga motsi ki faɗa."

"Na gani."

"Tun daga can. Haka nake yi wa duk mai neman takardar tuƙi." Ya ci gaba da kawo hannun har ya kusa gaban fuskata, ya tsayar. "Wanda bai gani ba sai a nan, ba na sa masa hannu. Domin a nan gefen ne mai kaya a kai ke fitowa daga lungu. A nan ne akuya take, da mai keke, da matar da ke tsallaka titi da goyo."

Na sauke hannuna. Haushi bai bar ni na yi shiru ba.

"Sa hannu ɗaya ne fa, Zira. Wa zai sani?"

Ban taɓa kiransa da sunansa a gabansa ba sai ranar. Ya mayar da fitilar kan tebur.

"Ni zan sani. Ranar da aka shigo da wani asibitin nan a kan tabarma, ke ma za ki sani, kuma da ni kike kwana a gida ɗaya. Ina sonki, Wini. In da sa hannuna nawa ne ni kaɗai da tuni na ba da shi. Litinin zan mayar musu da takardarsu da abin da na gani a rubuce."

"Ka san abin da zai biyo baya."

"Na sani."

Ya buɗe durowa ya ɗauko baƙin tabarau irin na masu tiyata, ya sa min da hannunsa. Da shi na fito, ga ɗaurin ɗankwali ga tabarau ya rufe rabin fuska, tsofaffin baranda suna ta yi min sannu da jiki.

A keke na yi kuka, tabarau ya rufa min asiri. Na zage shi a zuci da taurin kai. Na kuma ce wa kaina, wa ya ce ma gaskiya yake faɗa? Wataƙila injinsa ne ya lalace. Wataƙila ya samu hanyar gudu ce da ba za a ga laifinsa ba. Kun ga halina, ko an nuna min rana sai na tambayi wa ya kunna ta.

Don haka ranar Juma'a ban je shago ba. Na ce kaina ke ciwo, na zauna na sa wa Baba ido. Na daɗe ban kalli mahaifina ba, ganinsa kawai nake yi. Mama ta ajiye masa shayi ta gefen dama, bai taɓa ba sai da ta turo kofin gabansa. Na shigo falo ta ƙofar gefe na tsaya kusa da kafaɗarsa, na ƙirga har ashirin, yana ta karanta Littafi Mai Tsarki, sai da na yi gyaran murya ya zabura ya juyo da kansa gaba ɗaya. Na fita na zagaya motar. Gefen dama duk ƙarzuwa ne, sabo a kan tsoho, madubin ma da roba aka ɗaure shi. Kullum cewa yake masu keke napep ne ba su da hankali. A aljihun gaban mota na samu kwalbar maganin ɗigawa guda biyu, ko hatiminsu ba a ɓalle ba.

Na so in yi masa magana da yamma. Na je har bakin ƙofa, na gan shi yana goge gilashin motar da tsumma yana 'yar waƙarsa, na kasa.

Asabar da safe ne zai kai matan zumuntar cocinmu taro a Uba. Tun ƙarfe bakwai suka cika ƙofar gidanmu, su sha takwas, duk cikin zanen zumunta da farar riga, da tulun kiɗa da kulolin abinci. Har sun shiga mota sun fara waƙa. Ni ina falo ina ninke kayan guga, Baba ya fito cikin kaftaninsa ruwan toka, ya zauna ya ɗaura takalmi, ya fara laluben tebur.

"Wini, kin ga makullin mota?"

Makullin yana kan tebur ɗin, ta hannun damansa, tazarar da ba ta kai taki ɗaya ba. Hasken taga ma yana dukansa. Baba ya shafa gabansa, ya ɗaga jarida, ya taɓa aljihu. Idonsa biyu a buɗe, farare tas. Na tsaya ina kallon hannun nan da ya riƙe sitiyari ya fitar da mu daga wuta yana wuce makullin sau biyu.

Na taka na ɗauke shi. Ƙarar ƙarfen ce ta sa ya juyo.

"Yawwa, kawo."

"Baba, ba zan bayar ba."

Ya ɗago kai a hankali.

"Me kika ce?"

"Na ga saƙonninka a wayar Dakta. Ba shi ya nuna min ba, ni na ɗauka. Baba, makullin nan a gefenka yake tun ɗazu."

Bai yi tsawa ba. Da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya dafa gwiwoyinsa kawai yana kallona. Sai ga Mama ta fito daga ɗaki tana gyara ɗaurin zane, jaka a hammata. Ta dube ni, ta dube shi, ta dubi hannuna. Na ji sanyi a raina, na ce ga wadda za ta taya ni.

"Mama, Baba ba ya ganin gefe. Dakta ya ce..."

"Ba shi makullin."

"Mama, ba ki ji ba ne. Na ce..."

"Na ji. Na riga ki sani da shekara biyu." Ta tura ƙofar falo ta rufe, ta rage murya. "Me kike tsammani nake yi a gaban mota kullum? Ni ce nake gaya masa. Mai keke a dama, rami a hagu, tsaya akwai mutum. Ko sau ɗaya ba mu taɓa buge kowa ba."

Tun da muka dawo Mama take bin Baba tasha. Kowa ya ɗauka don kwandastansa bai dawo daga gudu ba ne. Matan coci har tsokanarsu suke wai tsufa ya zo da sabuwar soyayya. Ni da kaina na ɗinka mata matashin da take jingina da shi a kujerar gaba.

"In sun ɗauke shi aikin nan fa? Za su bar ki ki zauna a gaba?"

"Allah zai kawo dabara."

"Ranar da kika yi atishawa fa, Mama? Ranar da kika yi gyangyaɗi?"

"Rufe min baki. Ke kin san abin da mutumin nan zai zama in aka raba shi da motar nan? A bakin mayo, can gefen rafi, za a zaunar da shi yana kora ƙuda, waɗanda ya ɗauko a bayansa suna yi masa sannu." Ta gyara jakar a hammata. "Da kin yi abin da na ce da tuni an wuce wurin. Me ya sa nake ta matsa miki? In ya zama suruki bakinsa ya mutu. Suruki ba ya kallon uban matarsa ya ce masa ba ka gani. Kunya za ta sa shi ya sa hannu."

Nan ne abin ya soke ni. Duk faɗan safiya, duk "ki yi masa kuka", ashe ba don ta ga na zauna a ɗakina ba ne. Da ni za a toshe bakin Zira. Na ji kunya, na ji tausayinta, na ji haushinta, duk a lokaci ɗaya. Zira kuma ya gane tun tuni, shi ya sa ya ƙi turo kowa, ya bar ni ina zarginsa.

A waje matan suka canja waƙa, wata ta danna hon tana dariya.

Baba ya miƙe. Ya miƙo hannu, tafinsa a buɗe.

"Winifred. Mutane na jira."

Na ja da baya, na buɗe ƙofar da Mama ta rufe, na ratsa tsakar gida da silifas ɗaya. Da na leƙa waje matan suka juyo suna murmushi. Shugabarsu, Mama Susana, ta leƙo ta taga.

"Amaryar likita, ina Babanki? Rana tana yi."

"Mama, ku yi haƙuri ku sauko. Baba ba zai tuƙa ku yau ba. Zan je tasha in nemo muku wani direba."

Waƙar ta mutu. Suka fara kallon juna. Na ji takunsa a bayana, ya tsaya a bakin zaure inda kowa ke ganinsa, ya yi magana da muryarsa ta kullum, ba sama ba ƙasa.

"Ba sai an jira ƙarshen wata ba. Daga yau na rufe maganar Zira a gidan nan. In kin ba ni makullin nan yanzu, zan iya buɗe ta."

Na ji shi sarai. Haƙoran makullin suna cin tafin hannuna, Mama tana kiran sunana ƙasa-ƙasa daga cikin zaure, mata sha takwas sun zuba min ido. Na sa makullin a cikin rigata, na kama hanyar tasha.